Godiya Bayan Aikin Zuciyata

Assalamu alaikum warahmatullah.

Yau sati shida ke nan da aka yi mini aikin zuciya a Indiya, ga ni kuma a ɗakina a Kano ina rubutu da hannuna. Alhamdu lillahi. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya kira bai same ni ba ya yi haƙuri.

Da yawa sun tambayi abin da ya same ni, tunda ba a san ni da jinya ba. Haki ne ya fara, in na hau benen shagonmu sai na tsaya a tsakiya na huta. Na ɗauka gajiya ce. Likitan da ya ɗora abin sauraro a ƙirjina ya ji wani sauti da bai yarda da shi ba, ya tura ni hoton zuciya, wato eko. A nan aka ga ƙofar da jini ke bi daga zuciya zuwa babbar jijiya, wadda suke kira awota, ƙyaure biyu gare ta maimakon uku. Haka aka haife ni, shekara 43 ban sani ba. Ashe mutum 1 zuwa 2 cikin 100 haka suke, maza kuma sun fi yawa. Tawa ƙofar ta soma yoyo, jijiyar kuma ta buɗe har santimita 5.2, alhali ta mai lafiya ba ta kai 4. Abin tsoron shi ne bangonta ya tsage farat ɗaya. Likita, Allah Ya ƙara basira, da ka ba ni maganin gajiya ka sallame ni da ba wannan maganar ake ba.

Kuɗin aiki ya fi ƙarfina ko da na sayar da fili. 'Yan'uwana na Kantin Kwari, kun haɗa abin da kuka haɗa a lokacin da kowa ke kukan rashin ciniki. Jama'ar masallacinmu, na ji labarin addu'ar da kuka riƙa yi bayan asuba. Akwai wata dattijuwa maƙwabciyarmu mai sayar da ƙosai da ta zo da kuɗi ƙulle a gefen zaninta, ta ce a ƙara a na jirgi. Baba, har yau in na tuna sai idona ya kawo ruwa.

Yaya, kai ka rufe shagonka ka bi ni ƙasar da ba ka jin yarensu, ka kwana a kujera dare bayan dare. Ban da bakin gode maka.

Aikin da aka yi mini sunansa Bentall, sunan likitan Ingila da ya fara bayyana shi a 1968. An tsayar da zuciyata inji ya karɓi aikinta, aka cire ƙofar da kumburarren ɓangaren jijiyar, aka sa ƙofar ƙarfe haɗe da bututun saƙa, sannan aka mayar da jijiyoyin da ke ciyar da zuciya aka ɗinka a jikinsa. Wafarin, maganin hana jini daskarewa, zan riƙa sha kullum har ƙarshen rayuwata, da gwajin jini a kai a kai.

Akwai wata matashiyar likita da ba zan manta ba. Ta nemi izinina a yi bincike a kan guntun jijiyar da za a yanke. Na ce me ake nema a ciki? Ta ja kujera ta zauna. Ta ce ana son a gane dalilin da jijiyar masu ƙyaure biyu ke saurin buɗewa: wani ɓangare daga yadda jini ke fita a karkace yana dukan bango ne, wani daga halittar bangon kansa. Cikin abin da ake dubawa akwai foliyamin, wasu ƙananan sinadarai irin su sifamidin da sifamin, da ƙwayoyin halittar jiki ke buƙata wajen girma da rabuwa. Masu bincike na Italiya da Suwidin sun same su da yawa fiye da ƙima a bangon jijiyar masu irin lalurata. Ta gaya mini gaskiya, ba magani ba ne tukuna, bincike ne. Na sa hannu da zuciya ɗaya, don ina da 'ya'ya, kuma abin yana bin jini.

Saboda haka ne aka ce iyaye, 'yan'uwa da 'ya'yan mai wannan lalura su yi eko. Yarana uku sun yi, lafiya lau. Ƙannena biyu da ke ta cewa gobe, kun san kanku, ranar Litinin ni zan raka ku.

Inna, azuminki da addu'arki sun riske ni har can. Uwargida, ke kika riƙe gida da yara ba ki bari na ji kukanki a waya ba. Yanzu in dare ya yi tsit ƙofar tana ƙyas-ƙyas kamar agogon hannu, autarmu kan ɗora kunnenta a ƙirjina tana ƙirgawa har barci ya ɗauke ta.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Amin.