Kafin a kori yaro a je a tsaya gaban injin

Abin da na lura da shi a wuraren aikinmu, tun daga gidan burodi har irin kamfanin ruwan leda da nake aiki a nan Kaduna, shi ne da matsala ta taso tambayar farko ita ce "waye ya yi?" Ba a tambayar me ya faru ko yaushe ya fara. Da an samu sunan wani shikenan hankalin kowa ya kwanta, a yi masa faɗa ko a yanke masa albashi, bayan sati biyu abin ya dawo yadda yake, sai a nemo wani kuma. Wallahi abin nan yana damuna sosai, domin yaran da ake yi wa haka yawancinsu da albashin nan suke ciyar da iyayensu.

Akwai lokacin da ledar ruwanmu ta riƙa yoyo. Wanda ya san harkar ya san leda 20 ce a jaka, guda ɗaya in ta fashe ta jiƙa sauran, mai shago kuwa ba zai tsaya bincike ba sai ya ce a kwashe masa kaya. Diloli daga Rigasa da Tudun Wada suka fara dawo da kaya, wasu suka koma wa wani kamfanin. Alhaji mai wurin ransa ya ɓaci, ya canza wanda muke sayen leda a wurinsa, abin bai tsaya ba, ya sa aka sayo sabuwar hita, wato abin da ke zafafa ƙarfen da ke like bakin ledar, aka ɗaura, bai tsaya ba, sai magana ta koma kan yaron da ke kan inji na biyu, wai wasa da waya yake yi.

Muna da wani dattijo mai duba mana injina, Baba muke ce masa, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Irin mutanen nan ne da suka taso zamanin da masaƙun Kaduna ke aiki dare da rana, ai tun 1957 aka buɗe ta farko, kuma sun ga yadda ake tafiyar da babbar masana'anta da tsari. Shi ne ya ce, "Alhaji ba nan take ba, an danne bodari ta ka. Ka bar yaron nan tukuna, ka ba ni littafin rubutu na ƴan firamare da biro." Alhaji ya ce, "Baba asara nake yi fa kullum." Ya ce ya sani, a dai yi masa haƙuri kaɗan.

Ya ja layuka a littafin da rula. Lokaci, lambar inji, wane nadin leda ake amfani da shi, wutar gari ce ko janareta, sannan leda nawa suka yi yoyo kuma ta ina, ta baki ko ta gefe. Duk bayan awa ɗaya a ɗebi leda goma daga kowane inji a matsa su da hannu da ƙarfi a rubuta abin da aka gani, ko ba a ga komai ba a rubuta sifili. Ni aka ba riƙon littafin. Kafin sati ya zagayo abin ya fito fili, kusan duk yoyon daga inji na biyu ne, ta baki, kuma da safe ne da bayan la'asar, tsakar rana lafiya lau, yaron kuwa shi ne dai a kan injin tun safe har yamma, in da wasa da waya ne ai da azahar ma sai a gani.

Daga nan Baba ya fara tambayar me ya sa. Me ya sa take yoyo? Bakin bai like ba. Me ya sa bai like ba? Ƙarfen da ke danne ledar bai yi zafin da ya kamata ba. Me ya sa, alhali hitar sabuwa ce? A nan bai yarda a yi hasashe ba, ya ɗauko mitarsa ta auna ƙarfin wuta ya tsaya a bayan injin bayan sallar la'asar, muna kallo lambar ta faɗo ƙasa da 200 a inda ya kamata a ga wajen 230. Me ya janye wutar? Lokacin ne ake kunna famfon bohol don cika tankuna. To me ya haɗa famfo da inji? Ashe lokacin da aka ƙaro inji na biyu ba a ja masa wayarsa daga babban akwatin wuta ba, an jona shi ne a layin famfon don shi ne kusa, wayar kuma siririya. Baba ya yi min bayanin da ban manta ba, ya ce ƙarfin wuta in ya ragu da kashi 10 cikin 100, zafin da hita ke bayarwa raguwa yake da kusan kashi 19, ga injin yana gudu, ƙarfen ba ya samun damar dawo da zafinsa tsakanin leda da leda. Aka sayo waya mai kauri aka ja wa injin layinsa daban, kuɗin bai kai na kayan da ake dawo mana da su a rana guda ba.

Daga baya da na karanta na gano wannan jera tambayar me ya sa har sau biyar sananniyar hanya ce a kamfanin Toyota na Japan, Taiichi Ohno ne ya yi fice wajen koyar da ita. Amma ni a ganina mutane na ɗaukarta da sauƙi fiye da kima. In kun zauna a ofis ƙarƙashin fanka kuna ba kanku amsa, duk inda oga yake so amsar ta je nan za ta je, ta biyar ɗin za ta faɗa kan wani yaro ne. Kowace amsa sai an tashi an je an gani da ido ko an auna kafin a wuce ta gaba. Sannan abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, in ka canza leda da hita da ma'aikaci duk a sati ɗaya ko abin ya gyaru ba ka san wanne ya gyara shi ba.

Akwai kuma zanen ƙashin kifi na wani farfesa ɗan Japan, Kaoru Ishikawa, ka rubuta matsalar a wajen kan, ƙasusuwan kuma su zama inda ake zargi, mutum, inji, kayan aiki, yadda ake aikin. Mu a bayan tsohuwar kalanda muke zana shi. Amfaninsa kawai yana hana kowa manne wa zargi ɗaya. Ita kuma ƙa'idar Pareto, masanin tattalin arzikin nan na Italiya, da ake cewa wajen kashi 80 na matsala daga kashi 20 na dalilai yake fitowa, ba lallai lissafin ya zo daidai haka ba, amma duk sanda na tattara ƙorafin kwastomomi na wata guda sai in ga abu biyu ne suka cinye yawancin shafin.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata yarinya cikin masu zuba ruwa a jaka, bayan an gama gyaran take ce min, "Yaya ai ni na daɗe ina ganin ƙwan fitilar can yana dusashewa in an kunna famfo." Na ce to me ya hana ki faɗa? Ta ce ba wanda ya tambaye ta, kuma ta ina za ta sa baki manya suna magana. Tarbiyyarmu ce kuma mai kyau ce, amma a wurin aiki dole babba ya san cewa ƙaramin ma'aikaci ba zai yi magana a taro ba, sai ka same shi a wurin aikinsa shi kaɗai ka tambaye shi cikin mutunci. A Toyota ɗin nan ma'aikaci yana da igiyar da zai ja in ya ga matsala, har layin ya tsaya in ba a warware ba. Mu ma Alhaji ya yarda, duk wanda ya matsa leda ya ga biyu cikin goma sun yi yoyo ya kashe injin ya kira, ba mai yi masa faɗa.

Mun kuma liƙa takarda a jikin kowane inji, abubuwan da za a duba da safe kafin a fara, zafin hita, tef ɗin da ke kan ƙarfen ko ya ƙone, fitilar kashe ƙwayoyin cuta ko tana ci, matatun ruwa. Wasu tsofaffin hannu sun ga kamar raini ne, sai na ce musu Hukumar Lafiya ta Duniya a 2008 ta fitar da irin wannan takarda mai abu 19 don likitocin tiyata, su da suka yi shekaru suna karatu.

Yanzu abin da ke gabanmu motar rabon kaya ce, tana dawowa a makare daga layin Kawo da Mando, har an fara cewa direban yana tsayawa hira. Na ba yaron motar sabon littafi yana rubuta lokacin isa kowane shago da lokacin tashi, kuma a shafukan farko abin da ya fi cin lokaci shi ne jiran masu shago su tura kuɗi ta waya alat ya shigo.