Babur mai shan mai a lokacin hunturu

Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a 2023, zuwa-zuwa, wato fetur ɗin Najeriya da ake sayarwa a kwalba, ya daina araha a Garwa da Marwa na arewacin Kamaru, kowace lita sai an lissafa ta. Idan babur ya fara shan mai, yawanci laifin matatar iska ne kafin kabureta. Ƙurar hunturu na toshe ta, iska ta ragu, fetur ya yi yawa a cakuɗar, sai baƙin hayaƙi. In ta soso ce, a wanke ta da kananzir, ta bushe sarai, a ɗiga mata baƙin mai kaɗan a matse. Ta takarda ba a wanke ta, sauyawa ake yi.

Sannan a kwance fulogi. Baki mai ruwan ƙasa lafiya ke nan. Baƙi ƙirin da toka na nuna fetur ya yi yawa. Tazarar bakinsa a yawancin ƙananan babura milimita 0.6 zuwa 0.7 ce.

Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kuwa wata matsala ce daban: zoben fistan ya ci, baƙin mai yana ƙonewa. Juya sukurun kabureta ba zai gyara wannan ba, ɓata lokaci ne kawai.

Man kwalba kuma, a tace shi da kyalle mai tsabta, domin yashi yana toshe ƴar ƙofar da fetur ke bi cikin kabureta.