Tsakanin Daji da Lambu a Karkarar Ireland

Duk wanda ya ratsa karkarar Ireland a mota ko a jirgin ƙasa zai ga ciyawa kore shar iyakar ganin ido, ga shanu da tumaki a filayen da aka kewaye da shinge ko da katangar duwatsu. Sai dai wannan koren yana ɓoye wani abu da baƙo ba ya saurin lura da shi, wato cewa Ireland na cikin ƙasashen Turai mafiya ƙarancin daji. A farkon ƙarni na 20, dajin da ya rage bai wuce kusan kashi 1 cikin 100 na faɗin ƙasar ba, bayan an shafe ɗaruruwan shekaru ana sare shi domin noma da kiwo da gawayi da katako. Yau adadin ya kai kusan kashi 11 cikin 100, amma mafi yawansa itatuwa ne da aka dasa a jere domin kasuwar katako, musamman irin da ake kira Sitka spruce, wanda asalinsa daga gaɓar yammacin Arewacin Amurka yake. A ganina, wanda ya san wannan kafin ya shiga gandun daji ko lambu a ƙasar zai fi fahimtar abin da yake kallo, domin kusan babu wani yanki da hannun ɗan Adam bai taɓa ba, kuma abin da ya tsira ma kulawar mutane ce take riƙe da shi.

Killarney, a gundumar Kerry da ke kudu maso yamma, shi ne gandun daji na ƙasa na farko. An kafa shi a 1932, lokacin da iyalan Bourn da Vincent suka ba wa al'ummar ƙasar gidan Muckross da filayensa kyauta, kuma daga baya aka faɗaɗa shi har ya zarce hekta 10,000, tare da manyan tafkuna uku da tsaunuka. Yawancin masu ziyara suna tsayawa ne a gidan Muckross, wanda Sarauniya Victoria ta sauka a cikinsa a 1861, su hau keken doki, su ɗauki hoto, su wuce. Ni kuwa abin da ya fi kama mini zuciya shi ne tsohon dajin itacen oak da ke gefen tafkunan, inda danshi ya sa gansakuka ta lulluɓe kowane dutse da kowane reshe, ƙananan tsirrai kuma suka tsiro a jikin manyan itatuwa. Irin wannan daji ne ya taɓa mamaye yankuna masu yawa na yammacin tsibirin, kuma a nan ne mutum zai iya ganin saurarsa mai ɗan faɗi. A Reenadinna kuma, wani yanki na gandun, akwai dajin itacen yew da ya tsiro a kan tsagaggen farin dutse (wanda ake kira limestone), irin dajin da ba kasafai ake samunsa a Turai ba.

Amma wanda ya dubi ƙasan dajin da kyau zai ga cewa a wurare da yawa tsofaffin itatuwa ne kawai a tsaye, babu ƙanana masu tasowa da za su gaje su. Dalili na farko shi ne barewa. Killarney na da garken jajayen barewa da ake ɗauka shi ne mafi daɗewa a ƙasar, kuma a watan Oktoba ana jin rurin mazansu daga nesa, amma akwai kuma barewar sika ta Japan da masu manyan filaye suka shigo da ita a ƙarni na 19, kuma tun da aka kashe kyarkeci na ƙarshe a ƙarni na 18 babu dabbar da ke rage yawansu, don haka duk tsiron da ya leƙo sai a cinye shi. Dalili na biyu shi ne wani tsiro mai suna rhododendron, wanda aka kawo domin ƙawata lambuna da kuma samar wa tsuntsayen farauta mafaka. A watan Mayu da Yuni furanninsa masu launin shunayya suna cika gangaren tsauni, masu yawon buɗe ido na ta yaba kyansa, alhali kuwa inuwarsa tana da duhun da babu irin da zai iya tsirowa a ƙarƙashinta, kuma dabbobi ba sa cin ganyensa saboda guba. Ma'aikata da 'yan sa-kai sun kwashe shekaru masu yawa suna sare shi suna zuba magani a kututturensa, kuma har yanzu aikin bai ƙare ba. Na fi ganin girman waɗannan mutane fiye da na duk wanda ya gina gidan alfarma a wurin.

Akwai abin farin ciki ma. Mikiya mai farin bindi, wadda ta ɓace daga ƙasar a farkon ƙarni na 20, an dawo da ita Killarney daga Norway tun daga 2007, kuma duk da cewa guba ta kashe wasu a shekarun farko, a 2013 aka samu 'ya'yan da aka ƙyanƙyashe a cikin ƙasar.

Lambunan kuwa wani al'amari ne dabam. Ruwan teku mai ɗumi da ke zuwa daga Tekun Atlantika yana sa sanyin hunturu ya yi sauƙi a gaɓar yamma da kudu, shi ya sa a ɗan tsibirin Garinish da ke kusa da Glengarriff, inda Harold Peto, wani mai tsara lambuna ɗan Ingila, ya tsara lambu tun daga 1910, ake ganin tsirran ƙasashe masu ɗumi suna rayuwa a fili. Powerscourt da ke gundumar Wicklow, kudu da Dublin, ya shahara da matakalan lambunsa irin na Italiya, kuma ba nisa da shi akwai ruwa mai gangarowa daga tsayin mita 121. Babu shakka wurare ne masu kyau, kuma na ji daɗin zagaya su. Duk da haka ba na iya raba kyansu da tarihinsu, domin yawancinsu na manyan masu filaye ne a zamanin da talakawan karkara ke zaman haya a ƙasar kakanninsu. A Glenveagh da ke gundumar Donegal, wanda yau gandun daji ne na ƙasa mai fada da lambu a bakin tafki, mai filin, John George Adair, ya kori mutum 244 daga gidajensu a Derryveagh a 1861, kafin ya gina fadar. Shirun da baƙo ke sha'awa a wannan yanki yana da asali mai ɗaci, kuma ya kamata a faɗa wa mai ziyara haka.

Wurin da ya fi ba ni mamaki shi ne Burren, a gundumar Clare. Daga nesa tsaunuka ne na farin dutsen nan na limestone, masu launin toka, kamar babu abin da zai rayu a kansu, amma a cikin tsagogin dutsen akwai ɗumi da danshi da ɗan ƙasa, kuma a nan furannin yankunan ƙanƙara da na tsaunukan Alps da na gaɓar Bahar Rum suke tsirowa kusa da juna, abin da masana tsirrai ke tahowa daga nesa domin su gani, musamman a watan Mayu lokacin da shuɗin furen gentian ke buɗewa. Shanu ne suke kare wannan arziki. A yawancin ƙasashe masu tsaunuka makiyaya na hawa da dabbobi sama da rani su sauko da hunturu, amma manoman Burren suna yin akasin haka: a ƙarshen Oktoba suke kora shanu zuwa kan duwatsu, domin dutsen yana riƙe ɗumi, ƙasa ba ta caɓewa, ruwan sha kuma yana samuwa a lokacin. Shanun suna cinye tsohuwar ciyawa yayin da furanni ke kwance a ƙasa, su sauko kafin lokacin tsiro. Inda aka daina wannan kiwo, ciyawa mai kauri da kurmin itacen hazel sukan rufe wurin, furannin su ragu. Wannan ne ya sa aka ɓullo da wani tsari na biyan manomi gwargwadon makin da filinsa ya samu wajen yawan tsirrai da lafiyar ƙasa da ruwa, maimakon a hana shi kiwo. Ina ganin hikima ce babba a ɗauki manomi a matsayin mai tsaron wuri, tun da shi ne ya fi kowa sanin halin kowane dutse da kowace maɓuɓɓuga.

Game da shiga, gandayen daji na ƙasa ba a biyan kuɗi kafin a taka cikinsu, ko da yake gidajen tarihi da lambuna masu zaman kansu irin Powerscourt suna karɓar kuɗin shiga da yuro. Abin da ya kamata baƙo ya kiyaye shi ne, a Jamhuriyar Ireland doka ba ta ba kowa haƙƙin ratsa filin wani ba, kuma yawancin tsaunuka da filayen da ke kama da na kowa suna da masu su, hatta a Burren, inda gandun dajin ƙasa ɗan yanki ne kawai. Yawancin hanyoyin ƙafa da aka yi wa alama sun samu ne da yardar manoma, kuma wannan yardar tana iya janyewa idan aka bar ƙofar shinge a buɗe, ko aka saki kare a cikin tumaki, ko aka tare mashigar gona da mota. A Burren ana kuma roƙon masu ziyara kada su tsinki fure, kada su ɗaga duwatsu su jera su tsibi-tsibi, domin ƙarƙashin kowane dutse mazaunin wasu ƙananan halittu ne. Takalmi mai kama ƙasa da rigar ruwa wajibi ne a kowane wata na shekara, tun da farin dutsen yana da santsi idan ya jiƙe, kuma ruwan sama na iya sauka sau da yawa a yini guda.