Daga Kano zuwa Jos: kwana biyu a filin golf na Rayfield

Mun bar Kano bayan sallar asuba ranar wata Juma'a a cikin watan Disamba, mu huɗu a mota ɗaya, jakunkunan sanduna sun cika bayan motar har sai da aka kwantar da ɗaya a kan cinyar mutanen baya. Abokanmu na Jos ne suka gayyace mu gasar sada zumunta ta kwana biyu, wadda babu kuɗi a cikinta kuma babu alƙalin wasa, sai ɗan kofi da walimar dare. Mun bi ta Kwanar Dangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore hantsi na dubawa, muka karya kumallo a Saminaka, daga nan hanya ta fara hawa, duwatsu suka riƙa tsayawa dama da hagu, iska kuma ta sauya.

Hirar ƙwallon golf ce ta ɗauke mu mafi yawan tafiyar. Ƙaramin cikinmu, wanda bai daɗe da fara wasan ba, ya sayo kwali guda na Titleist Pro V1, irin ƙwallon da ya fito a 2000 kuma manyan 'yan wasan duniya da yawa ke bugawa, yana mai tsammanin zai ƙara masa nisa. Alhaji, wanda shi ne babbanmu kuma kyaftin ɗin tawaga, ya karɓi ɗaya ya jujjuya shi a tafin hannu, ya danna bayansa da farce, sannan ya ce: "Ɗana, wannan na mutumin da hannunsa ya riga ya zauna ne, kai kuwa abin da kake bukata shi ne wanda ba zai riƙa kauce maka ba." Gaskiya ya faɗa. Irin wannan ƙwallo hawa-hawa ne a ciki, kuma bayansa yana da laushi, saboda haka yana juyawa sosai idan aka buga shi da gajeren sanda, ya faɗa kusa da rami ya tsaya. Amma wanda bugunsa ke karkacewa bai cika cin wannan moriyar ba, ga shi kuma laushin bayan yana sa ya kurje da wuri idan ya haɗu da dutse. Ƙwallo mai hawa biyu, mai tauri a baya, ya fi araha, ya fi jure wahala, kuma ya fi gangarawa a busasshiyar ƙasa irin ta rani. A ganina sabon ɗan wasa ya fi cin riba idan ya zaɓi iri ɗaya mai sauƙin kuɗi ya lizimce shi, har hannunsa ya san nauyin bugun da yake bukata, maimakon ya cika aljihun jaka da tarkacen ƙwallayen da aka tsamo daga kududdufi, kowanne da halinsa.

Mun isa Jos kafin sallar Juma'a. Da yamma muka leƙa Rayfield, wanda ake danganta kafuwar filinsa da shekarar 1913, zamanin Turawan haƙar kuza, kuma har yanzu akwai tsofaffin ramukan haƙa da suka zama tafkuna a wannan yanki. Garin yana bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, fiye da ninki biyu na Kano, kuma da yake iskar tudu ba ta da kauri, ƙwallo yana ɗan ƙara tafiya a sama. Sai dai sanyin safiyar hunturu yana rage wani abu daga wannan ƙarin, don haka sandan da ya isa da ƙarfe bakwai na safe yana iya wuce rami da azahar.

Abin da ya fi burge ni a duk tafiyar shi ne zaman da aka yi a daren, kafin kowa ya taɓa sanda. Wanda ya shirya gasar ya tara mu ya karanta sharuɗɗa daga takarda, ya ba kowane kyaftin kwafi. Wasan Asabar na 'yan huɗu-huɗu ne, tsarin da ake kira sikirambul: kowa ya yi bugun farko, a zaɓi wanda ya fi kyau, sauran ukun su ɗauko nasu su ajiye a kusa da shi cikin tsawon sanda ɗaya ba tare da matsawa wajen rami ba, a ci gaba haka har ƙwallo ya faɗa. Dole kuma a yi amfani da bugun farko na kowane mutum aƙalla sau uku a cikin ramuka 18, domin kada gwani ɗaya ya ɗauki nauyin tawaga sauran su zama 'yan rakiya. Wani daga cikin mutanen Jos ya tambaya ko zai iya fara rami da ƙwallo mai tauri saboda nisa, idan an zo kusa ya sauya da mai laushi. Aka ce masa a'a: wanda ka fara rami da shi, da shi za ka gama, sai in ya ɓace ko ya tsage, kuma kurjewa kawai ba tsagewa ba ce, tsakanin rami da rami kuwa kana iya sauyawa. Wannan ba sabon abu ba ne, domin yana cikin dokoki 13 na farko da aka rubuta wa wasan a Leith ta ƙasar Sikotlan a 1744 cewa ba a sauya ƙwallon da aka yi bugun farko da shi.

Akwai masu ganin irin wannan zama tsanani ne a wasan abokai, ni kuwa ban yarda da su ba. A gasar ƙwararru akwai jami'in da za a kira idan an sami saɓani, amma a tamu kowa shi ne alƙalin kansa, kuma abin da ba a yanke shi da dare ba, a tsakiyar fili za a yi gardamarsa rai a ɓace. Hukumomin da ke kula da dokokin wasan, wato R&A da ke St Andrews ta Sikotlan da takwararta USGA ta Amurka, sun ƙayyade cewa ƙwallo kada ya wuce giram 45.93 a nauyi, kada kuma faɗinsa ya gaza milimita 42.67, kuma kusan duk abin da ake sayarwa a kanti ya cika wannan. Saboda haka ba a kan irin ƙwallo ake yawan samun matsala ba, a kan gane wane ne na wa ake samunta. Shi ya sa kafin a watse aka zagaya da alƙalamin maka, kowa ya yi wa nasa alama. Ni ɗigo biyu na yi a ƙarƙashin lamba, Alhaji kuma ya ja layi ja a gefe.

Asabar ta wuce lafiya, muka zo na uku, kuma bugun farko na ƙaraminmu ya yi mana rana a ramuka fiye da ukun da aka wajabta. Lahadi ce ta fi nauyi, domin wasan karɓa-karɓa aka yi, mutum biyu da ƙwallo ɗaya, wannan ya buga wancan ya buga, ana lissafi rami-rami tsakanin Kano da Jos, wato ɓangaren da ya jefa ƙwallo a rami da bugu mafi ƙaranci shi ya ci ramin. A nan zaɓen ƙwallo ya daina zama ra'ayin mutum ɗaya. An haɗa ni da Alhaji, wanda ya saba da mai laushi, ni kuma na saba da mai tauri. Muka tsaya a kan nasa, saboda bugun kusa da rami, inda bambancin ya fi fitowa, ya fi faɗawa a hannunsa.

A wani rami na zagaye na biyu, bugunmu da na abokan karawarmu duk suka kauce hagu, suka shige busasshiyar ciyawa a gindin wasu duwatsu. Tun gyaran dokoki na 2019 minti uku ake ba mai nema, ba biyar ba kamar da, kuma ɗaya daga cikinsu ya duba agogo muka bazu. Yaron da ke ɗauke musu jaka ya hango fari a cikin ciyawa ya ce: "Yallaɓai, ga shi nan." Dattijon da bugu ya zo kansa ya ga sunan kamfani da lamba iri ɗaya da nasu, ya buga, ƙwallo ya tashi ya sauka dab da rami. Sai da ya je ya sunkuya zai sa alama ya ɗauka, ya juya shi a hannu, ya ga jan layi a gefe. Babu wanda ya lura a cikinmu, kuma da ya sa shi a aljihu ya ajiye wani, da mun ci gaba da ɗauka namu ya ɓace. Ya ɗago ya ce wa Alhaji: "Ranka ya daɗe, naka na buga, ramin nan naku ne."

Haka dokar take: wanda ya buga ƙwallon da ba nasa ba ya faɗi ramin a wasan rami-rami, a wasan jimillar bugu kuma a ƙara masa bugu biyu kuma ya koma ya gyara. Abokin wasana ya so ya ce a bar zancen tunda wasan zumunci ne, amma dattijon ya ƙi, ya tuna masa cewa 'yan wasan da suka san doka suka haɗa baki a kan yin watsi da ita, korar su ake yi daga gasa baki ɗaya. Na ga girman mutumin nan ƙwarai, musamman da yake a lokacin rami ɗaya ne tsakaninmu. Abin da doka ta ba shi dama ya yi tun farko shi ne ya sa alama a wurin, ya ɗaga ƙwallon ya duba, ya mayar inda yake. Da kuma babu alama a kan ko ɗaya, aka tarar da biyun iri ɗaya a wuri ɗaya, da duka biyun a matsayin ɓatattu za a ɗauke su.

Mun ci namu wasan da rami biyu, amma a jimilla mutanen Jos ne suka ɗauki kofi, domin ɗaya tawagar tamu ta sha kaye. A wurin walima aka tsayar da cewa za su zo mana Kano bayan ƙaramar salla, kuma Alhaji ya ɗora mini rubuta sharuɗɗan gasar in aika musu mako biyu kafin ranar. Da safiyar Litinin muka tsaya a bakin hanya muka sayi dankalin Turawa da kabeji na tsaraba, muka kama hanyar Saminaka.