Kujeru Goma, Babu Tebur

Jarin ɗan wurina bai wuce ɗaki ɗaya da kujeru goma ba. Ni da mataimakina muke shirya zaman tattaunawa na maza masu fafutukar rabuwa da ƙwayar maye ta amfetamin da 'yar'uwarta metamfetamin, sau biyu a mako, minti 90 kowane zama. Ba na yarda su wuce goma, don da an yi yawa masu kunya sai su lafe a bayan masu baki. Tebur ma na cire shi, saboda mutum yakan dogara da shi ya sunkuyar da kai har a tashi.

Duk wanda ya kawo ɗansa ko ƙanensa, tambayarsa ɗaya ce: "Malam, wace allura za a yi masa?" Amsar tana min nauyi. Mai shan hodar heroin yana da maganin metadon, amma har yau babu maganin da aka amince da shi don yaye mutum daga amfetamin, ƙwayar da aka fara haɗawa tun 1887 a Berlin. Abin da ke aiki shi ne koya wa mutum gane abin da ke tunzura shi, da tsara masa yini, da ba shi lada in gwajin fitsarinsa ya fito wankakke. Na ɗebi abubuwa da dama daga tsarin Matrix, wanda aka fito da shi a Amurka cikin shekarun 1980, mai ɗaukar mako 16.

Kwanakin farko bayan dainawa barci ne da yunwa, suna wucewa. Inda ake faɗuwa shi ne bayan nan. Ƙwayar ta saba tatso sinadarin dofamin, mai sa jin daɗi, a ƙwaƙwalwa fiye da kima, da aka janye ta sai duniya ta zama lami: aiki ba daɗi, hira ba daɗi, dariyar ɗansa ma ba ta motsa shi. Wannan yakan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. In ni na ce zai wuce, kallona kawai suke yi. Akwai wani direban babbar mota da ya fara shan ƙwayar don ya kwana yana tuƙi. Zama huɗu ya yi bai ce uffan ba, sai murza makullin mota a hannu. A na biyar ya ce, "Ni dai ji nake na mutu ban sani ba." Ɗakin ya yi tsit. Wani da ya girme shi, mai wata bakwai da dainawa, ya matso da kujerarsa ya ce, "Ƙanena, a wata na uku na ji ɗanɗanon abinci ya dawo. Kuka na yi." Direban ya saki makullin a cinyarsa. Wannan magana ba ta cikin horon da na samu, kuma ita ce ta dawo da shi mako na gaba.

Dalilin ware maza su kaɗai ke nan. Ƙwayar nan takan cuɗanya da harkar kwanciya da bashi da kunyar kasa riƙe gida, abubuwan da namiji ba ya buɗewa sai a gaban wanda ya taka sawu ɗaya da shi.

Dokokina kaɗan ne. Abin da aka faɗa a ɗaki ya tsaya a ɗaki. Ba a musayar lambar dila, ba a ba da labarin maye kamar ana tallarsa. Wanda ya zo a buge ba ya shiga ranar, amma wanda ya koma ruwa ya faɗi gaskiya kujerarsa na nan. In na ga mutum yana jin muryoyi ko yana zargin ana bibiyarsa, ba na jinkiri, likitan ƙwaƙwalwa nake tura shi.

Ta fuskar samu, sana'ar ba ta da tabbas. Wasu kan ɓace ba sallama da kuɗin zama a kansu. Ba kuɗin ke hana ni barci ba. Kujerar da ta zauna babu kowa zama biyu a jere, ita ce ke sa in ɗauki waya bayan an watse, in kira, ko da na san ba lalle a ɗaga ba.