Yau Oga ya juya min kujera

Talata, bayan isha'i.

Wallahi yau kunnena ya sha wuya. Ina shiga situdiyo wajen ƙarfe goma Oga ya ce kar in taɓa komai, ya juya kujerata na ba wa kwamfuta baya, ya ce wai da ido nake miksin, wato haɗa sautin waƙa da daidaita shi, shi ya sa duk aikina yake fitowa kamar an cusa mawaƙi a randa. Ban yi musu ba, don ni dai in na ga layin ikwalaiza, abin ɗaga ko rage sassan sauti, ya lanƙwashe da kyau a FL Studio, manhajar da muke aiki da ita, shikenan a wajena aiki ya yi.

Sai ya kunna ƙarar nan shhhh mai kama da ruwan sama a kan kwano, ya riƙa ɗaga wuri ɗaya a cikin sautin da desibel 12 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan), ni kuma in faɗi inda ya ɗaga. Cikin goman farko biyu na ci, su ma canke ne. Ya yi dariya ya ce to bar lissafi, saurari wasalin da ƙarar take furtawa. In aka ɗaga 250 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) za ka ji kamar tana cewa uuu, 500 ooo, 1000 aaa, 2000 eee, 4000 iii. Na ce Oga ai wannan a e i o u ɗinmu ne na firamare, ya ce ƙwarai, jerin ne kawai ya canza. 8000 kuma sss ne, na ƙasa da 100 kuwa ƙirjinka ne zai fara gaya maka kafin kunne. Zagaye na uku na ci bakwai, amma 2000 da 4000 har yanzu suna rikita ni.

Bayan azahar muka buɗe waƙar biki da aka kawo jiya, muryar yarinyar duk ta dushe, da jiya ne da tuni na ƙara mata sautin sama na wuce, amma yau na rufe ido sai na ji uuu ɗin nan zaune a ƙarƙashin muryar, na je wajen 300 Hz na rage desibel uku kacal, sai ga murya ta fito har kalangun ma ya samu wurin numfashi. Oga bai ce komai ba, kuma a wajensa shirun nan yabo ne.

Ya kuma yi min tarko. Ya sa min miks biyu in zaɓa, na rantse na biyun ya fi, ashe abu ɗaya ne ya ɗan ƙara masa ƙara kawai. Kunya kamar in nutse.

Zuwa la'asar kunne ya gaji, komai nake ji a dushe, na yi ta ƙara sama ban sani ba, da muka saka a sifikar waya sai ga sss tana tsire kunne. Ya ce tashi ka je ka sha iska, gobe da safe a gyara.

A Adaidaita Sahu da zan dawo daga Zoo Road direba ya ƙure waƙa, ina zaune ina ta iii, eee a hankali ina neman inda take cizo, sai da dattijon da ke gefena ya ce ɗan nan lafiya kuwa?