Laraba: gardamar tsintaccen kaset

An ɗauke wuta tun sha ɗaya, janareto kuma yana wurin mai gyara, don haka bidiyon bikin Hajiya bai motsa ba yau ma. Saura walima da kai amarya. Na kira ta na faɗa mata gaskiya, ta ce ba komai, Allah ya kai mu Asabar.

Da ragowar cajin kwamfuta Auta ya kunna Cloverfield, fim ɗin dodon da ya afka wa New York wanda aka ɗauka kamar da kyamarar hannu, wai mu rage zaman banza. Ba a yi rabin awa ba Oga ya miƙe ya fita baranda dafe da goshi, jiri ya kama shi. Wannan ba sabon abu ba ne, lokacin da fim ɗin ya fito a Janairun 2008 wasu gidajen sinima a Amurka har takardar gargaɗi suka liƙa a ƙofa. Ido yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana gudu, cikin kunne kuma yana cewa a zaune ake, saɓanin nan shi ke tayar da zuciya. Maganinsa a ja baya daga allo, a bar haske a ɗaki, yadda ido zai riƙa ganin bango da ba ya motsi. Oga kuwa ya sa fuskarsa dab da kwamfutar a ɗaki mai duhu.

Sai Auta ya tsayar da fim ɗin ya ce, "Yaya, wannan ai ha'inci ne. Ba su da kuɗin yin dodo, sai suka ba wani kyamara ya yi ta girgiza ta don kada mu gane."

Maganar nan ita ta cinye mana yini, kuma har yanzu tana cin raina.

Na ce masa ya raba abu biyu. Akwai fim ɗin tsintaccen kaset, wato wanda ake yi kamar mutanen ciki ne suka ɗauki hoton aka tsince shi daga baya, da talauci ya haifa: The Blair Witch Project na 1999, mutum uku a daji, ba a nuna komai ba har ya ƙare, ko Paranormal Activity da aka ɗauka a gida ɗaya da kusan dala 15,000. A can ɓoyewa araha ce. Amma da zarar ka ce ƙaton dodo zai ratsa New York, girgiza kyamara ƙara maka aiki take yi. Cloverfield ya ci kusan dala miliyan 25, kuma ga inda wahalar take: kafin a dasa dodon kwamfuta a cikin hoto, sai an gano inda kyamarar gaske take tsaye, ina ta kalla, nawa ta karkata, a kowane firam. Firam, wato hoto ɗaya tsayayye, 24 ne a daƙiƙa, wato 1,440 a minti guda. Idan kyamara tana kan ƙafarta, lissafi ɗaya ya wadatar. Idan tana hannun mai gudu, kowane firam da nasa, ga dishi-dishin motsi da ke shafe alamomin da manhajar take bi, ga zumin da ake ja ba shiri. Kuskure kaɗan, sai ka ga ƙafar dodon tana zamewa a kan titi kamar an liƙa ta da gam. Sannan dole dodon ma a dishe shi daidai da yadda gine-ginen kusa da shi suka dishe, in ba haka ba ya fito tas a cikin hoto mai rawa, ido kuma ba ya yafe wannan.

Auta ya ce to in wahala ce, me ya kai su?

Girma. Abin da fim ɗin dodo ke nema ke nan tun Gojira (Godzilla) na Japan na 1954, kuma shi ne ya fi wuyar samu. Dodon darakta Ishiro Honda mita 50 ne a labari, a zahiri kuwa Haruo Nakajima ne cikin rigar roba yana taka ƙananan gidaje. Dutsen da ya faɗo daga mita 50 yana ɗaukar daƙiƙa uku da ɗoriya kafin ya taɓa ƙasa, wanda ya faɗo daga mita biyu ko daƙiƙa ɗaya ba ya kaiwa. Shi ya sa Eiji Tsuburaya, mai dabarun hoton Gojira, yake gudanar da kyamara da sauri, a haska a hankali, ɓaraguzai su sauko da nauyi, kuma a ajiye kyamarar ƙasa-ƙasa. Tsintaccen kaset yana ba ka wannan ƙasa-ƙasar a kyauta, don kyamara ba ta wuce tsayin kafaɗar mutum. Ba ka da ikon tashi sama ka ga dodon daga kai har wutsiya. Ƙafa za ka gani tsakanin benaye biyu, ko baya yana wucewa a cikin ƙura, sauran kuma zuciyarka ta ƙarasa. Haka dodon tatsuniya yake. Ba wata kaka da ta taɓa faɗa wa jikokinta tsawonsa kamu nawa ne, amma ba yaron da ke yarda ya fita fitsari shi kaɗai bayan an ce ƙurunƙus.

Na mayar masa da fim ɗin wurin da kan mutum-mutumin nan na 'yanci na New York (Statue of Liberty) ya faɗo tsakiyar titi yana tartsatsi. Ba a ga wanda ya jefo shi ba. Ka san girman kan, ka san nisan tsibirin da yake, lissafin ƙarfin hannun ya rage naka. Ko shi kan sai da suka ƙara masa girma fiye da na gaske, don mutane sun raina shi a tallan farko. Sai ramin jirgin ƙasa: ɓeraye suka fara wucewa da gudu duk hanya ɗaya, ba kiɗa, ba komai, sannan aka kunna ganin dare na kyamarar. Fim ɗin gaba ɗaya ba shi da kiɗan da aka ɗora, sai a kan sunayen ƙarshe ne aka sa na Michael Giacchino. Wannan kame kai ne da nake girmamawa ƙwarai.

Amma ban ce ba shi da aibi ba, kuma a nan ne muka fi daɗewa. Irin wannan fim alkawari yake ɗauka tun a firam na farko: abin da za ka gani shaida ce, ba wanda ya taɓa ta. Duk inda ya saɓa, mai sana'a zai gani. Rubutun farko ya ce katin SD ne aka tsinta a Central Park, amma mutanen ciki kaset suke ta ambata, kuma mafi daɗin dabarar fim ɗin a kan kaset ta tsaya: Hud, mai riƙe da kyamara, yana ɗauka a kan tsohon hoton abokinsa Rob da Beth na ranar da suka je wurin shaƙatawa na Coney Island, duk inda ya tsaya ya tariya sai guntun waccan ranar ya leƙo. Kaset ne ke yin haka. Kati ba ya hawa kan tsohon hoto, sabon fayil yake buɗewa, in ya cika ya tsaya. Sai murya. Makirfon jikin kyamara yana daidaita ƙara da kansa: bam ya tashi, ya danne komai, muryoyi su ɓace na ɗan lokaci, sannan shuuu ya taso. Numfashin mai riƙe da kyamara ya fi maganar kowa ƙarfi. A Cloverfield kuwa ana ruwan harsashi kana jin kowace kalma. Zancen batir da mutane ke yawan yi bai dame ni ba, hoton bai kai minti 80 ba in an cire sunaye, yana kashewa yana kunnawa ne cikin dare.

Abin da ya fi ɓata min shi ne asubar nan bayan jirgi mai saukar ungulu ya faɗi, dodon ya tsaya a kan Hud cikin haske ya kalli kyamara. An daɗe ana tara tsoro, a nan aka zubar da rabinsa, ya koma dabba mai fuska da za ka iya zanawa. Abin da ya biyo baya ne ya ceci wurin: kyamara a ƙasa, ba mai riƙe da ita, fokas yana kai da komo tsakanin ciyawa da fuskar Hud, ya kama wannan ya saki, ya kama waccan. Duk wanda ya taɓa barin kyamara a kan otomatik ya san wannan neman. Ban san wani hoto a fim ɗin da ya fi shi gaskiya ba.

Auta bai sauka ba. "Yaya, duk na ji. Amma gada ta karye da ɗan'uwan abokinka a kai, kai kuma kana ɗauka? Wa zai yi haka?"

Na ba shi gaskiya. Na ce wannan ne ciwon irin finafinan nan, kuma Trollhunter na Norway, na André Øvredal, 2010, ya fi iya magance shi. Ɗaliban kwaleji ne masu shirya fim ɗin gaskiya, ɗauka ita ce ta fito da su daga gida, ga mai ɗaukar murya da sandar makirfonta, don haka tsabtar sauti tana da dalili. Mafaraucin, Hans, ma'aikacin gwamnati ne da ya gaji, yana kashe dodo da fitilar da ke kwaikwayon hasken rana, tsoho ya zama dutse, ƙarami ya fashe, sannan ya zauna ya cika fom. Dodonninsu suna jin ƙanshin jinin Kirista. Da mai kyamara ya mutu aka kawo wata Musulma ta maye gurbinsa, aka tambayi Hans ko ita ma za su ji ta, ya nuna shi ma bai sani ba, sai an gani. Babban dodon ƙarshe kuma a fili aka nuna shi, a kan dusar ƙanƙara, daga nesa, hazo ya wanke launinsa, yana tafiya a hankali. Nisa, hazo, tafiyar hankali: da su aka gina girman, ba da ɓoyewa ba. Tsakiyarsa dai tana da sanyi, ana yawan tafiya a mota.

A nan Oga ya dawo da ruwan leda a hannu, ashe yana jin mu. Ya ce, "Ku biyun duk kun yi kuskure. Ku buɗe WhatsApp ɗinku." Bai ƙara ba.

Na yi shiru, don na san abin da yake nufi. Tanka ta kife, kasuwa ta kama da wuta, ruwa ya tafi da mota da mutane a ciki, kafin awa guda hoton ya iso wayarka, yana rawa, mai ɗauka yana haki yana salati, bai ajiye wayar ba. A Cloverfield ma da kan nan ya faɗo, abin da mutanen titi suka fara yi shi ne ɗaga wayoyi, shekara bakwai ba ta cika ba da duniya ta kalli ƙurar harin 11 ga Satumba na New York a hotunan mutanen da ke gudu. Abin da na yarda wa Auta cewa ƙarya ce, shi ne wurin da fim ɗin bai yi ƙarya ba. Mu da muke koya wa yara riƙe kyamara, muna cewa kada ka yanke, kada ka sauke hannu, ban taɓa jin ɗayanmu ya faɗa musu lokacin da ake saukewa ba. Tun la'asar nake juya wannan, bai kwanta min ba.

Mun kunna Trollhunter ba mu ƙarasa ba, caji ya mutu.

Wuta ta dawo tara saura. Walima ta shiga. Mai janareto ya ce kabireta ce, gobe da hantsi. Auta yana so mu fita da sassafe kafin hazo ya washe, mu ɗauki dogon benen nan daga ƙasa a nisa uku, ya ga da idonsa yadda launi ke mutuwa. Na ce ya yi cajin batir biyu.